Gonar da Ba Ta da Tulin Taki

Zuwa ga Khairiyya, sanyin randata a tsakiyar bazara, inuwar da nake nema in rana ta take, wadda in ta harare ni nake kwana ina murna.

Bayan sallama, a zaune nake rubuto miki, don gwiwoyina sun ƙi tsayuwa, kuma ke ce sila.

Kin tuna yammacin Talata a zaurenku? Na gaya miki Yaya Zaharaddini yana so in sayar da gonar gadona, in bi shi Bacirawa a birnin Kano mu kama sana'ar nama. Ba ki yi kuka ba, da ma kin yi da ya fi mini sauƙi. Kika gyara mayafi, kika ce ke ba za ki bar Innarki ita kaɗai ba, in je inda babu mai sa mini baki in yi tunani, in dawo da magana ɗaya kafin ruwan fari.

Haba Khairiyya! A ƙasar Makoɗa ina ne babu mai sa baki? Na zauna a gindin tsamiya, mutum uku suka gaishe ni, biyu suka ba ni shawara. Na koma bakin rafi, masu lambu suka tambaye ni nawa aka taya gonar. Da na rasa mafaka sai na tuna Dutsen Mai-Hula, wanda muke hangowa daga arewa in gari ya washe.

Na ajiye babur a ƙauyen da ke gindinsa, na yi isha'i, na ɗauki tocila da gorar ruwa. Mutumin da bai taɓa hawan abin da ya fi rumbu ba, na ce kafin sha biyu na kai. Sha biyu ta same ni ina rarrafe, silifa ɗaya ya tsinke, ruwa ya kusa ƙarewa. Duk inda na ce ga ƙololuwa sai wata ta leƙo a bayanta. Sau biyu na juya zan sauka, sau biyu na tuna irin dariyar da za ki yi mini.

Da na kai, na hango hasken Kano can kudu ya cika gefen sama. Ba zan ɓoye miki ba, ya yi mini kyau, har na ji zuciyata ta karkata. Na yi taimama a kan dutsen, na yi asuba, na zauna ina karkarwar sanyi.

Sai gabas ta yi ja. Rana ta ɓullo a hankali, hasken birnin ya dusashe kamar fitilar da batirinta ya mutu, ƙasarmu ta fito fili. Wayyo, da kina nan! Gonaki manne da juna har iyakar gani, kamar zanen da aka yi wa faci dubu. Na kusa na kusa da dutsen kuwa, kowace ɗige-ɗige da tulin taki, kowane tuli da doguwar inuwarsa. Kowa ya shirya wa damina. A tsakiyarsu na ga wata guda fayau, ko tuli ɗaya babu, kamar gidan da masu shi suka tashi.

Ban san mai ita ba, kuma tawa ta yi nisa da ido ya kai. Amma haka tawa take tun da na fara wannan tunanin. Haka kike ganinta kullum in za ki rijiya, ba ki taɓa ce mini komai ba. Na ji kunya, Khairiyya, kunyar da ba ta bar ni na ƙarasa kallon ranar da na sha wuyar zuwa gani ba.

Ina son ki. Ina son ki fiye da hasken can, kuma ba na so ki wuce gonata kina kawar da kai.

Na faɗa wa Yaya ba zan sayar ba, ya yi fushi, zai huce. Ke kuma kada ki amsa wannan takarda tukuna. Gobe in za ki rijiya ki bi ta hanyar gonar. Taki amalanke huɗu na kai jiya da ɗingishi, saura shida.

Naki, damina da rani, har ranar da za a kai ni makwanci,
Nata'ala