Ku Sako Dariyar da Kuka Yanke

Zuwa ga Mai Girma Shugaban gidan rediyon da ke shirin buga waya na safe a nan Jos.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta girmamawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikatanka. Ban ambaci sunan gidanku ba, ban kuma ambaci sunan mai gabatar da shirin ba. Ba tsoro ya hana ni ba, ƙyama ce, don ba na so in ƙara masa farin jinin da yake nema da mutuncin mutane. Kai ka san da wanda nake, shi ma ya sani.

Sunana Hamisu. A Rikkos nake zaune, kuma ina sarin kayan lambu a kasuwar Farin Gada, a rumfar da na gada daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Kabeji da karas da koren wake nake saya daga hannun manoma, in haɗa wa masu lodi zuwa kudu. Ni ne "mai kabejin nan mara kunya" da mutuminku ya yi ta nanatawa a watan jiya. Na yi zarya zuwa ofishinka har maigadi ya gane ƙarar babur ɗina, kullum sai ya ce oga ya fita. Tunda a bainar jama'a kuka tozarta ni, a bainar jama'a zan yi maka magana.

Na ɗaya: abin da ya faru a kasuwa.

Akwai wata dattijuwa mai suna Mama Kaneng, manomiya ce, Kirista, daga wani ƙauye a bayan gari. Tun kafin a haife ni take kawo wa mahaifina kabeji. Lokacin da aka kwantar da mahaifiyata a asibiti ina ɗan ƙarami, babana da ni yake zuwa kasuwa, kuma ita ce take goya ni tana ciniki da ni a bayanta. Duk haihuwar da matata ta yi, sai Mama ta aiko da acca. Ni ma duk lokacin da gwiwarta ta tashi, ni nake nemo mata man zafi.

In ba ka taɓa sarin kaya ba, ranka ya daɗe, bari in gaya maka yadda ake yi. Mai saye ba ya buɗe buhu ya ce madalla. Sai ya kushe. Ya ɗauki kabeji ya jujjuya, ya yamutsa fuska, ya ce tsutsa ta riga shi ci. Mai kaya kuma ta ce masa ɓarawo, ta yi kamar za ta ɗaure buhunta ta tafi. A haka ake ja har a daidaita. Da baƙo, kushe a kan kaya yake tsayawa. Da wanda kuka saba, kushen yakan zarce ya zama wasa, a taɓo gari, a taɓo iyaye, kuma gwargwadon kusancinku gwargwadon zafin bakin. Ni da Mama Kaneng kuwa, in muka fara, 'yan dako har sauke buhu suke yi su zo kallo.

Rannan mutuminku ya shigo kasuwa da na'urar ɗaukar murya, wai yana tambayar farashin kayan miya. Ya tarar muna tsakiyar namu. Na ce da ita: "Ku mutanen ƙauye ba abin da kuka iya sai kawo mana ruɓaɓɓen kaya. Kwashe tsiyarki ki koma inda kika fito." Ban musa ba, muryata ce, bakina ne ya faɗa. Ita kuma ta kama ƙugu ta ce, da irin Hausarta: "Ni zan koma? Ni na goya ka, ja'iri. Baya na har yanzu yana warin fitsari naka." Rumfa ta ɗauka da dariya. Mutuminku ma sai da ya dafa tebur don dariya, na gan shi da idona. Aka daidaita farashi, na kira mai shayi ya haɗa mata nata mai madara da yawa yadda take so, na ja mata kujerarta.

Da ta ji ko wane ne mutuminku, murna ta kama ta kamar ta ga ɗanta. Ta ce kullum a lambu take rataye 'yar rediyonta a jikin sanda tana sauraronsa. Ta zaɓi kabeji mafi girma a buhun ta ba shi ya kai wa iyali. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce na gode Mama.

Na biyu: abin da kuka sako.

Washegari da safe ina buɗe rumfa na ji muryata a rediyon maƙwabta. Maganata kawai aka sako. Amsar Mama babu, dariyar jama'a babu, shayi babu. Sai ga mutuminku ya sauke murya kamar mai sanar da rasuwa, yana cewa wai ransa ya ɓaci da abin da ya gani a Farin Gada, wai ga yadda ake korar uwa daga kasuwa a ƙasar kakanninta. Ya sake saka muryar, ya sake sakawa, sannan ya ce jama'a su buga waya su faɗi abin da ke ransu.

Suka kuwa buga. Wani ya ce a daina kawo mana kaya mu ci duwatsu. Wani daga namu ɓangaren, da ba wanda ya aike shi, ya buga ya ce ai gaskiya na faɗa, har da ƙarin da ba zan iya rubutawa ba. Duk wanda ya fi kumfar baki shi ake bari ya fi daɗewa, mutuminku yana ƙara masa da "Faɗi, kada ka ji tsoro." Madam Ladi, maƙwabciyata a kasuwa, ita ma Kirista ce kuma a gabanta aka yi komai, ta yi ta gwada layi har ta samu. Tana cewa wasa ne suke yi tun yana yaro, sai ya ce layinta ba kyau, ya katse ta. Ina tsaye kusa da ita, ranka ya daɗe. Layinta lafiya lau yake.

Kuskure daban, wannan daban. Da baƙo ne da bai san ciniki ba ya ji maganata ya firgita, da na yi masa uzuri, har in zauna in yi masa bayani. Amma mutumin da ya yi dariya tare da mu, ya karɓi kyautar tsohuwa ya kai gida aka dafa masa ya ci, sannan ya zauna ya yanke muryarta ya bar tawa, wannan ya san abin da yake yi. 

Na uku: abin da ya biyo baya.

Ba sai na gaya maka wane irin gari muke ciki ba. Mun san abin da muka gani a Jos, kowane gida yana da wanda yake tunawa. A garin nan mutum biyu su ruga da gudu ya isa a rufe layi guda. Ranar, kafin hantsi, 'yan dakon da suke cin abinci a kwano ɗaya sun rabu gida biyu, kowa yana kallon kowa ta wutsiyar ido. Ɗalibai masu zuwa cefane suka watse. Matata ta kira ni tana kuka, ta ce za ta je ta kwaso yara daga makaranta. Ba don Allah Ya sa shugabannin kasuwa, na masallaci da na coci, sun zagaya rumfa rumfa suna ba mutane baki ba, da ban san a ina za mu kwana ba. A lokacin mutuminku yana cikin ɗaki mai sanyi yana karanta tallar sabulu.

Mama kuwa a lambu ta ji, tare da surukanta. Da yamma ɗanta Pam ya kira ni. Tare muka taso da shi a rumfar nan, Hamis yake ce mini tun muna yara, amma ranar Malam Hamisu ya ce. Ya gaya mini shi ya san wasa ne, sai dai ba wanda yake sauraronsa. Mata sun cika gidansu suna yi wa Mama jaje kamar an yi mata mutuwa. Ta yi bayani har muryarta ta dushe, aka ce tsoro ne ya sa take kare ni. Wasu samari suka ce ta zubar musu da mutunci, ta bari ana taka ta saboda kuɗin kabeji. Matar da ba wanda ya isa ya yi mata rashin kunya a kasuwa kaf, ita ce yanzu ake nunawa da baki a hanyar coci. Ta daina zuwa Farin Gada. Kabejinta a bakin titi surukanta suke kasawa, rana ta bugi rabi.

Na huɗu: haɗuwata da mutuminku.

Da na gaji da maigadi, na tsaya a bakin ƙofa har ya fito. Na gabatar da kaina. Ko gezau bai yi ba. Ya washe baki ya dafa kafaɗata ya ce: "Haba oga, ai ka yi suna. Tun da na fara shirin nan ban taɓa ganin layuka sun cika haka ba." Sannan ya kawo shawara wai in zo situdiyo, a kawo Pam, a zaunar da mu gaba da gaba a buɗe layi, wai zai yi zafi. Na ce masa uwa ce fa ta ba ka kyauta. Ya ce aiki ne, ba gaba ba. Na cire hannunsa daga kafaɗata, na koma gida na sauya riga.

Ranka ya daɗe, ni mai son rediyo ne. A rediyo nake jin sanarwar jana'iza, a rediyo aka taɓa gano ɗan ƙanwata da ya ɓace a kasuwar Kwararafa. Ban ce a daina faɗar gaskiya mai ɗaci ba. Akwai 'yan kasuwa masu cutar manoma, a tona su, zan taya ku. Amma abin da kuke yi da safen nan ba tonon gaskiya ba ne, haɗa faɗa ne ake yi ana sayar da shi ga masu talla. Kai ne kake sa hannu a biya shi. In ba ka sauraron shirin, abin kunya ne. In kana sauraro kana jin daɗin yadda layi ke cika, to tir.

Ga abin da nake roƙo.

Ku sako muryar nan gaba ɗayanta, daga farko har ƙarshe, a cikin shirin da kuka sako guntunta, kuma a daidai lokacin. Kada mutuminku ya ce ta goge. Jama'a su ji amsar Mama, su ji dariyar, su ji tasa dariyar a ciki.

Ya ba Mama Kaneng haƙuri da bakinsa, da muryar da ya yi mata kukan ƙarya da ita. Ni kada ya wahalar da kansa, ba na buƙata. Ya kuma ba Madam Ladi dama ta ƙarasa maganarta.

Ka sa wani babba mai hankali ya riƙa sauraron duk muryar da aka ɗauko daga titi kafin a sako ta. Kasuwa tana da yarenta, tasha tana da nata, kuma garin nan ba ya ɗaukar irin wannan ganganci.

Dalilin da ya sa ban haƙura na yi shiru ba shi ne wannan. A makon jiya Mama ta dawo. Pam ne ya sauke ta da buhunanta, ya tsaya daga nesa. Na tashi da murna, na buɗe buhu, na ɗauki kabeji, na buɗe baki zan kushe. Sai na ga ta waiga dama, ta waiga hagu, tana duba hannayen mutane ko wani ya ɗaga waya. Na mayar da kabejin cikin buhu. Na ce kaya sun yi kyau, Mama. Na faɗi farashi, ta sunkuyar da kai ta ce: "To, Alhaji. Allah ya sa albarka." Ba ta ja ba, ba ta zauna ba, shayin da na sa aka haɗa mata a nan ya huce. Tun da na yi wayo matar nan ba ta taɓa ce mini Alhaji ba, ja'iri take ce mini. Ban taɓa jin an wulaƙanta ni kamar yadda ladabin nan nata ya yi mini ba, kuma ba ita ta yi ba, ku kuka yi.

Ina roƙon Allah Ya ba ka ikon gyara gidanka, Ya tsare ka da iyalinka daga sharrin harshen da ba shi da linzami, Ya zaunar da garinmu lafiya. Shi kuma mutuminku, Allah Ya shirye shi, Ya kuma hana wani ya yi wa mahaifiyarsa abin da ya yi wa Mama.

Kujerarta tana nan a rumfa, ban bari kowa ya hau ba. Ku sako dariyar da kuka yanke, ko Allah Ya sa ta sake samun bakin zagina.

Wassalam.

Hamisu mai kabeji,
Kasuwar Farin Gada, Jos.