Gyalen da Ban Karɓa Ba

Litinin, 1 ga Yuli. Bishkek.
Mun miƙa makullin ɗaki. Shekara shida ni da Jasmit muna kwana ɗaki ɗaya, yau an ce mun zama likitoci, kowa ya kama gabansa. Akwatuna sun yi gaba, nata Indiya, nawa Pakistan. Saura jakar goyo ɗaya-ɗaya da kwana goma sha biyu na yawo. Mito, haka nake kiranta, ita ta tsara komai: tsauni, Osh, Samarkand, sai Tashkent inda kowa zai hau jirginsa.

Gidansu a Firozpur, namu a Kasur. Da babu iyaka, babur ɗin yayana Tanwir zai kai ni ƙofarsu cikin minti arba'in. Amma akwai iyaka, biza kuwa tsakaninmu sai dai a ji labari. Mun san haka tun ajin farko. Sani daban, zuwan ranar daban.

Laraba, 3 ga Yuli. Bakin tafkin Son-Kul.
Sanyi kamar ba Yuli ba. Na ɗaga jakar Mito na ji kamar dutse, ashe kwalabe biyu na yajin mangwaron mamarta ta cusa. Na ce, "Wa ya aike ki?" Ta ce, "Ki yi shiru, Shaggo, ke za ki fara lashe cokali." Ni ɗin ce kuwa na fara.

Matar da ta sauke mu a tantinta ta ba mu nonon goɗiya. Mito ta shanye tana murmushi, hawaye na zubo mata. Matar ta tambaya daga ina muke. Muka ce Punjab, baki ɗaya. Ta ce, 'yan'uwa ne? Mito ta ce e. Ni na ce a'a. Ban san me ya hau kaina ba.

Alhamis, 4 ga Yuli.
Da hantsi muna zaune kan dutse ta zaro gyalenta mai ruwan ɗorawa, wanda mamarta ta yi wa ɗinkin furanni da hannu. Ta ce, "Ba ni koren naki." Na gane. A Punjab ɗinmu, ta can da ta nan, in mata biyu suka yi musayar gyale sun zama ya da ƙanwa ke nan, biki da makoki duk nasu ne.

Har da shiri ta zo da shi. Kullum da yamma sojoji suna saukar da tuta a ƙofar iyaka tsakanin garuruwanmu, 'yan kallo na zama ta kowane ɓangare, ana hango juna. Wai Lahadin ƙarshen wata ta yafa kore, ni in yafa ruwan ɗorawa, mu gane juna a cikin taro.

Na ce ba zan yi ba. Na ce, "In tsaya bayan waya ina leƙenki kamar a gidan namun daji? 'Yar'uwar da ba zan zo bikinta ba, ba za ta zo makokina ba, wace irin 'yar'uwa ce?"

Ta ninke gyalen a hankali ta mayar. Gara ma da ta zage ni.

Abin da ban faɗa mata ba: kakata, Dadi, ta yi wannan musayar tana shekara tara da wata Banto, 'yar maƙwabtansu. Wata biyu bayan nan aka raba ƙasa gida biyu, Indiya da Pakistan, su Banto suka tsallake can. Gyalen yana ƙasan akwatin Dadi har yau. Duk Salla sai ta ciro shi, ta shinshina, ta mayar, ranar ba ta cin abincin kirki. Ni ba zan tsufa ina shinshinar tsumma ba.

Asabar, 6 ga Yuli. Hanyar Osh.
Awa goma sha biyu a mota. Abin da ta ce mini duk yinin: "Matsa ƙafarki."

Talata, 9 ga Yuli. Samarkand.
Takalmi ya cinye mini dunduniya, ta yi ruwa. Na ɓoye kwana biyu. Yau a gindin wata babbar hasumiya na kasa taka ƙasa. Ta zaunar da ni, ta cire safar, ta ce, "Likitar banza! Wa ya ba ki takarda?" Tana wanke ciwon tana faɗa. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ke tsoro ne yake cinki, sai ki mai da shi fushi. Tun ajin farko haka kike." Na ce ta ji da aikinta. Ta ɗaure bandejin da ƙarfin da bai kamata ba.

Daga nan ta ɗauki jakata ta haɗa da tata, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kamar jakin 'yan kasuwa. Na yi dariya, ta yi. Muka ci shinkafa da karas da naman rago (ita ta turo mini naman, kamar kullum). Na so in ce mata ta kawo gyalen. Maganar ta zo har bakina, na kora ta da shayi.

Alhamis, 11 ga Yuli. Tashkent.
Na ba ta sauran hulbar da mahaifiyata, Ammi, ta aiko mini. Shekara shida tana cewa hulbar Kasur ta fi ta ko'ina ƙamshi, kakanta ma, haifaffen Kasur, da kewarta ya mutu. Ta karɓa ta ce, "Hulba dai kin iya bayarwa."

Juma'a, 12 ga Yuli.
Jirginta ya riga nawa. Ta rungume ni, gashinta na warin man kwakwa, ta ce, "Ki riƙa canza bandejin, mahaukaciya." Na ce, "Ki gaida Mama." Shi ke nan. Shekara shida, abin da na samu na faɗa ke nan. Ta juyo sau biyu. Na uku ba ta juyo ba, ni kuma a lokacin ne na ɗaga hannu.

Na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina, Abbu.

Lahadi, 14 ga Yuli. Kasur.
Gida cike da mutane, kowa Dakta Shagufta, Dakta Shagufta. Na zazzage jakar goyo don wanki, sai ga shi a can ƙasa, naɗe cikin safata. Ruwan ɗorawa. Na duba, koren nawa babu. Ranar Samarkand ce, da ta ɗauki jakunkunan. Ɓarauniya!

Ta turo saƙo uku. Ban buɗe ba. Musayar da ba a yarda da ita ba ai ba musaya ba ce. Na jefa gyalen saman sif.

Asabar, 20 ga Yuli.
Dadi ta sa an sauko mata da shi, wai ta hango launin daga gadonta. Ta shafa ɗinkin da yatsa ta ce, "Wannan hannun 'yan can ne." Na gaya mata komai, har da maganar tuta, ina jiran ta ce na yi daidai.

Ta ajiye gyalen a cinyarta. Sannan ta ce, "Ke, 'yar nan, ashe karatun bai shiga ba. Kina tsammanin gyalen ne ya dame ni? Ni ban san inda Banto ta sauka ba, ban san ko ta kai ba. Da an ce mini ga inda zan tsaya in hango ta, ko ɗankwalinta ne kawai, wallahi da rarrafe zan je."

Na ce, "Dadi, gani daga nesa ai ƙarin ciwo ne." Ta ce, "Ciwo ne. Ni nawa ciwon ko ganin babu."

Laraba, 24 ga Yuli.
Da yamma in iska ta juyo ana jin ihun 'yan kallo daga iyaka, ko kuwa kunnena ne. Dunduniyar ta warke.

Asabar, 27 ga Yuli.
Na wanke gyalen. Ya yi ƙura a saman sif, ba don komai ba. Na goge, da sanyin dutsen guga saboda ɗinkin.

Na buɗe saƙonnin. Na ƙarshe ya ce, "Layi na uku daga ƙasa, ta hannun hagunki. In ba ki zo ba, akwai wata Lahadin."

Na tambayi Tanwir ko babur ɗinsa da mai gobe. Ya ce ina za mu? Na ce Dadi ce take son ganin saukar tuta. Ya ce, "Dadi a kan babur?" Na ce to, ya nemo mota.

Dadi ta ciro nata daga ƙasan akwati. Ta ce ba a sani ba, ko Banto ma na can.