Matar da Ta Ɗinke Hannun Kunama

Litinin, 4 ga Maris

Lauya Paola ta zo daga Cartagena. Ta ce alƙalan kotun sulhu za su saurare mu a farkon Afrilu, a ɗaki rufe, ba 'yan jarida. Doña Tulia, shugabar ƙungiyarmu ta mata manoman doya, har da hawayenta. Ni ban yi murna ba. An sha zuwa da farar mota a ɗauki maganarmu a tafi, mu a bar mu da Don Anselmo.

Don Anselmo! Yanzu shi ne mai shanu, mai gyara rufin coci, yana neman kansila. Lokacin da 'yan bindiga suka mamaye ƙauyenmu La Ceibita, Kunama ake ce masa, kuma shi ke zaɓen matan da za a kai makarantar firamare, wai su dafa wa mayaƙa abinci. Ina cikinsu. Kowa ya sani, kowa yana cire masa hula.

Alhamis, 7 ga Maris

Baƙuwar nan da ta sauka gidan gwaggonta a bakin rafi ta zo wurin Doña Tulia, wai tana son shiga ƙungiya. Yadira sunanta. Ba ta ɓoye ba, ta ce ta zauna da 'yan bindigar a daji, tana yi musu girki da wankin rauni har aka ajiye makamai.

Shekara da shekaru ba ta tuna tana da gwaggo ba, sai yanzu da saura wata guda mu shiga kotu? Ni Everlides ba yau aka haife ni ba.

Lahadi, 10 ga Maris

Taro bayan coci. Doña Tulia ta bar Yadira ta zauna. Na ce ban yarda ba. Ta ce, "'Yata, sulhun da ake faɗa a rediyo, da wa kike zaton za a yi shi? Da waliyyai?" Na ce a yi shi a rediyon.

Lauya ta ce kowa ta gwada faɗin nata da baki, don kada harshe ya ƙage gaban alƙalai. Da aka zo kaina na faɗi abin da ko mijina bai ji ba kafin ya kwashe kayansa ya tafi: na ciji Kunama a hannun hagu, gindin babban yatsa, sai da haƙorana suka haɗu. Komadre Nelcy, wadda ta riƙe ɗana ranar baftisma, ta damƙe hannuna har na gama.

Yadira kuwa ta ɗago kai ta zuba mini ido, kamar mai haddacewa. Ban so kallon nan ba.

Laraba, 13 ga Maris

Na kai doya kasuwa. Wani makiyayin Don Anselmo ya tsaya yana latsa doyar ɗaya bayan ɗaya, ba ya da niyyar saye. Ya ce, "Doña Everlides, ashe an ce haƙoranki na da kaifi." Ya yi dariya. Ya ce, "A riƙa lallaɓa su, tsufa na zuwa."

Ban san yadda na iso gida ba. Na yi amai a bayan ɗaki.

Kwana uku kacal. Cikin ɗakin nan aka faɗa, cikin ɗakin nan ya fita.

Alhamis, 14 ga Maris

Na sami Yadira a rafi tana wanki. Na ce nawa ya ba ki. Ta ce wa. Na ce kin san wa. Ta matse rigar da ke hannunta, ta ce, "Doña, da shi ya aiko ni, da ba zan fara da gaya muku inda na fito ba." Na ce ai wannan ita ce dabarar.

Ba ta yi rantsuwa ba, ba ta yi kuka ba. Mai gaskiya ai da ta fusata. Ko kuwa? Ban sani ba.

Asabar, 16 ga Maris

An ajiye furannin jana'iza a ƙofar Doña Tulia. Ta ɗauka ta jefa wa aladunta, ta ce ko su ba su ci ba.

Mata biyu sun janye sunansu. Ban ga laifinsu ba.

Lahadi, 17 ga Maris

An kaɗa ƙuri'a, an ce Yadira ta daina zuwa taro. Ni na kawo maganar, Nelcy ta mara mini baya. Ta miƙe ta fita, har da mayar da kujerarta jikin bango. Wannan ladabin nata ma haushi yake ba ni.

Bayan ta fita lauya ta faɗi yadda za a yi tafiyar: ba ta babbar hanya ba, motar Fada, limamin cocinmu, ce za ta ɗauke mu a bayan maƙabarta ranar Talata biyu ga Afrilu. Ta ce kada ko miji ya ji.

Laraba, 20 ga Maris

Ɗana ya kira daga Barranquilla. "Mama, ki bar abin nan, ki taho wurinmu." Na ce doyata fa? Ya ce doya. Bai san abin da zan faɗa a kotun ba, yana zaton maganar gonar da aka ƙwace ce. Ko ya sani yana yi mini kara? Shi ma na fara auna maganarsa. Dubi inda na kai.

Juma'a, 22 ga Maris

Babur biyu sun yini suna zagaya bayan maƙabarta. Wani ya tsayar da direban Fada ya tambaye shi ko tayoyinsa za su kai Talata.

Yadira ba ta ɗakin lokacin da aka faɗa.

Na yi ta juya abin. Wataƙila ta laɓe a taga. Wataƙila wayar lauya ake saurare. Wataƙila Fada da kansa, ba shi aka yi wa rufin coci ba? Na bi matan ɗaya bayan ɗaya a raina, kowacce na samo mata dalili. Mutum ɗaya na tsallake, kuma na san na tsallake ta.

Lahadi, 24 ga Maris

Na je gidan Nelcy da miyar doya da cuku, irin wadda take so. Sabuwar firiji a falo, ko ledar ba a cire ba. Ta ce ɗanta ne ya saya. Ɗan nata wata biyu ke nan da samun aikin tuƙa motar madara a gonar Don Anselmo. Na san da haka tuntuni, ban taɓa haɗa su ba.

Na ce, "Komadre, dube ni." Ta ƙi. Ta yi ta goge teburin da ba shi da datti.

Can ta ce, "Cewa suka yi in ban riƙa faɗa ba, za a tsinci yaron a rami. Ke naki yana birni, Everlides. Nawa yana hannunsu kullum da asuba."

Na ce har maganar cizon? Ta ce sun matsa sai ta kawo wani abu.

Tare aka kai mu makarantar nan da ita. Ita ta wanke ni da muka fito. Na bar mata kwanon miyar na taho, ban iya zaginta ba.

Litinin, 25 ga Maris

Ban fita ba.

Talata, 26 ga Maris

Na gaya wa Doña Tulia da lauya. An canza rana da hanya, kuma kowa sai ana gobe za ta ji. Doña Tulia ta ce kada a tona Nelcy a gari, in suka gane ta daina amfani, yaron ne zai biya. Za a ci gaba da ba ta labarin Talata.

Sannan ta ce, "Akwai wadda ya kamata ki ba haƙuri." Na ce don ba ita ta kai wannan ba, ba shi ke nuna ba ta kai wani ba. Ta ce, "Kanki ya fi ƙwaryar kwakwa tauri." Na ce shi ya sa nake raye.

Alhamis, 28 ga Maris

Yadira ce ta zo da kanta. Ta tsaya a bakin shinge, ba ta shigo ba, ni ma ban ce ta shigo ba.

Ta ce tun ranar da na yi maganar cizon take son gaya mini wani abu. "Ni na ɗinke masa hannun. A ofishin hedimasta, da zaren da muke ɗinke jakunkuna. Yana zagi yana cewa wata 'yar ƙauye ce, sai ya kashe ta. Ban san ke ce ba sai ranar nan."

Na ce to kin ji ihunmu ke nan. Ta ce ta ji. Na ce kika yi me? Ta ce, "Na dafa shinkafa. Shekarata goma sha biyar. Daga hanyar makaranta ya ɗauke ni a ƙauyenmu, kuma abin da ya yi muku sati biyu, ni shekara huɗu ya yi mini."

Ta ce ta zo La Ceibita ne don ta ji ana haɗa shaida a kansa, kuma ita kaɗai ba wanda zai saurari tsohuwar 'yar daji. Ta san wanda ya ba da umarni, ta san ranar, ta ji shi yana magana da manyansa ta rediyo.

Na ce me ya sa ba ki faɗa tun farko ba? Ta ce, "A ɗakin da ban san wa ke kai rahoto ba?"

Ashe ita ma auna mu take yi.

Labarin ya yi daidai da yawa. Abin da ya yi daidai da yawa tsoro yake ba ni. Amma ban taɓa gaya wa kowa a ofishin hedimasta na cije shi ba.

Litinin, 1 ga Afrilu

Mun fita a motar masu kai ayaba, kwana guda kafin ranar da suke jira. Mu bakwai, da Yadira ta takwas, lauya ta sa ta cikin shaidu. Na zauna inda nake ganin hannayenta.

Laraba, 3 ga Afrilu, Cartagena

Na faɗa. Duka. Muryata ta tsaya sau ɗaya, alƙaliyar ta ce in sha ruwa, ba sauri. Ba wadda ta tambaye ni me na sa a ranar, ko me ya fitar da ni.

Lauyan Don Anselmo ya ce tabon hannun waya ce ta shinge ta yanke shi. Sai aka kira Yadira. Ta faɗi yadda raunin yake, ta faɗi zaren, ta faɗi sunayen da ni ban taɓa ji ba. Sannan ta faɗi nata. Ban san an zubar mata da ciki a daji ba, har sau biyu. Tana magana tana kallon bango, kamar mai karanta farashin kaya. Da ta fito ta shiga banɗaki ta daɗe. Na tsaya a ƙofar, don kada wani ya shiga ne kawai.

An ce za a kira shi ya amsa, kuma likita zai duba hannun. Yaushe? Ba su ce ba. Lauya ta ce wannan babban abu ne. Za mu gani.

Asabar, 6 ga Afrilu

Mun dawo. Hotunansa na neman kansila suna nan a kowane bango. Nelcy ta hango ni a famfo ta juya da bokitinta babu ruwa. An ce ɗanta ya gudu Sincelejo, lafiya lau. Na gode wa Allah da wannan. Sauran ban sani ba tukuna.

Talata, 9 ga Afrilu

An jefi rufin gwaggon Yadira da duwatsu shekaranjiya, tsohuwar ta tsorata ta ce ta nemi wani wuri. Na ga Yadira a tasha da jakarta, tana jiran motar da ba ta san inda za ta kai ta ba.

Ɗakin ɗana yana nan ba kowa, sai ƙura da buhunan iri. Kuma ruwan shuka ya kusa, ina buƙatar hannu a gona. Kuma gara tana inda idona ke ganinta. Na ce mata kwana biyu, kafin ta samu wuri. Ta ce to, Doña. Na ce ki bar Doñar nan, kina sa ni tsufa.

Kofinta ya cika sukari. Tana tashi kafin ni, ban son haka.

Ɗazu a shago na ce a auna mini shinkafar wata. Mai shagon ya ce ta mutum ɗaya kamar kullum? Na ce ya ƙara.