Tabarau Mai Ɗaurin Zare

Assalamu alaikum Auta,

Ya aiki, ya gajiya, ya ɗakin nan naki da iska ba ta shiga? Mu lafiya lau, sai dai ƙafar nan.

Na gode da kika saka ni a guruf ɗinku na marubuta don in ga labarin da kika rubuta a kan marigayi Babanku. Na karanta, na yi kuka har sai da na goge fuskar wayar da bakin mayafi. Shagonsa na gyaran rediyo a ƙarƙashin bene, tabaraunsa da ya karye aka ɗaure da farin zare, gyaran muryar da yake yi kafin ya shigo gida. Shi ne sak.

Amma Auta su waye mutanen nan? Wata mai kiran kanta Gimbiyar Alƙalami ta ce wai labarin ba gishiri. Wani Farfesa, ni dai ban san a ina ya yi farfesancin ba, ya ce wai uba mai kirki ba ya riƙe mai karatu, a sa masa aibi. Aibi barkono ne da za a barbaɗa wa mutum? Sauran kuwa sai ma sha Allah, ci gaba, ko karantawa ba su yi ba. Wata har cewa ta yi Allah ya bar ku tare. Da mamaci fa! Tir.

Ki ci abinci. Allah ya yi miki albarka.
Mamanki

*

Wa alaikumus salam Mama,

Ina fata ƙafar ta yi sauƙi. Don Allah kada ranki ya ɓaci, haka tsarin yake: wanda ya saka labari dole ya karɓi sharhi, ya gyara, ya sake sakawa. Waɗanda suka fi samun yabo su za a buga a littafin da guruf ɗin zai fitar. Na daɗe ina neman wannan damar, Mama. Zan ɗan canza wasu abubuwa, amma labari ne kawai, ba Baba ba ne.

Ki gaida Goggo.
'Yarki, Auta

*

Auta sallama,

Lafiya muke, amma ba lafiya ba. Na ga gyaran naki. Yanzu mai gyaran rediyo yana dukan matarsa da wayar wuta, yana kulle ta a ɗaki. Kika ce ba Babanku ba ne, to don me kika bar masa shagonsa da tabaraunsa da gyaran muryarsa? Kin sa wa kura rigarsa kin ce kada a gane rigar.

Ga su can suna ta tafi, wai yanzu labari ya yi daɗi, Farfesa har da cewa a ƙara mari ɗaya a wajen ƙarshe. Mutumin da ko kaza bai iya kora da ƙarfi ba!

Kuma abin bai tsaya a guruf ba, an yi ta turawa har ya kai wayar Goggonki. Ta zo ta zauna a kujerar yayanta, na kawo ruwa ta ƙi sha. Ta ce tsakaninki da Allah, Yaya ya taɓa dukanki? Na rantse mata, ta dube ni irin kallon da ake yi wa mai rufa asiri. Matar mai kanti kuma ta riƙe min hannu a titi, wai sannu da haƙuri, ashe haka kika sha.

To tunda dokarku ta ce wanda ya karanta ya yi sharhi, ni ma na yi. Na rubuta musu cewa ni ce matar, kuma abu ɗaya da ya taɓa bugawa a gidan nan shi ne bayan rediyo in ta ƙi magana. Na ce su ji tsoron Allah.

Mamanki

*

Assalamu alaikum Hajiya Mama,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina rubuto miki ne a madadin shugabannin wannan zaure. Saƙon da kika saka ya samu yabon da ba mu taɓa gani ba. Masana cikinmu sun yi ittifaƙin cewa muryar matar da ke kare mijin da ya zalunce ta ita ce abin da labarin ya rasa. Muna neman izininki mu haɗa kalamanki a matsayin babi na ƙarshe. In da hali, a ɗan ƙara tsawo.

Naki cikin ladabi,
Farfesa

*

Auta,

Ga abin da malaminki ya aiko min, na tura miki ki gani da idonki. Na ce musu ƙarya ne, sun ce in ƙara tsawo. Wallahi da na karanta sai da na tashi na wanke hannuna, kamar na taɓa wani abu a kwata.

Na sa maƙwabciya ta nuna min inda ake dannawa a fita, na fita. Ba zan hana ki littafi ba, Allah ya sa ki buga ɗari. Amma mutumin nan ba shi da bakin da zai kare kansa, kuma da ke yake fara gaisawa in ya shigo.

Allah ya shirye ki.
Mamanki

*

Mama, ina kwana.

Na janye labarin. Sun ce na rasa gurbina a littafin, Gimbiya ta ce ba ni da zuciyar marubuta. Ga na farkon nan na turo, don Allah ki kai wa Goggo, ki ce ta yafe min.

Auta

*

Salamu alaikum Autata,

Na kai. Ta sa na karanta mata, ta sa na maimaita, sannan ta ce in ba ta ruwa. Sharhinta ɗaya ne: zaren tabaraun baƙi ne ba fari ba, don ita ta ɗaure masa. Wannan kaɗai za ki gyara.

Ki ci abinci.
Mamanki