Makullin Kunkuru

Litinin, 11 ga Satumba

Garin Montrose. Na duba birki da tayoyin Kunkuru da kaina, lafiya ƙalau. Marigayiya matata Nadine ce ta raɗa wa motar wannan suna, wai tana tafe da ɗakinta a baya, gado da kicin da komai. Shekara goma sha tara duk kaka muna hawa duwatsun nan mu ga ganye ya koma rawaya. Bana ƙanwarta Verna ce a kujerarta, kuma ban gayyace ta ba. 'Yata Joleen ce ta ce, "Baba, Anti Verna na marmarin ganin duwatsu." Matar da ta shekara talatin tana tuƙa motar 'yan makaranta a cikin duwatsun! To, na ji.

Talata, 12 ga Satumba

Verna tana da wani ɗan littafi ja. Ina shan kwana sai ta zaro biro.

"Me kike rubutawa?"

"Tsuntsaye."

Ni dai ban ga tsuntsu ba. Na san wannan aikin. Haka 'ya'yan abokina Cletus suka yi masa, suka haɗa shi da ɗan rakiya, ana dawowa suka karɓe makullin motarsa. Yanzu ko aski sai ya jira a kai shi. Shekarata saba'in da shida, arba'in a ciki gumaguman katako nake saukowa da su a babbar mota daga kan dutse, ko fenti ban taɓa gogewa ba. Makullin nan a aljihuna yake kwana.

Laraba, 13 ga Satumba

Mun haye dutsen Red Mountain mun gangara garin Silverton. Giyar motar da na hau da ita, da ita na sauka, birki ɗan taɓawa kawai. Da motoci biyar suka taru a bayana na raɓe na ba su hanya. A ƙasa na ce ta je ta shinshina tayoyin, in ta ji ƙauri ta rubuta. Ta ce, "Tsoho, kai ne ke ƙauri, ba birki ba."

Duhu-duhun nan na gefen idon hagu ya dawo da rana ta karkata. Gajiya ce. Ba wanda ya sani, ba kuma wanda zai sani.

Alhamis, 14 ga Satumba

Ta yi waya a bayan mota, murya ƙasa-ƙasa. Har tambayata ta yi a wace giya nake sauka. Rahoto take haɗawa.

Juma'a, 15 ga Satumba

Mun bi hanyar tsakuwa zuwa tafkin da Nadine ke so. A dawowa, daidai inda hanya ta tsuke, dutse a dama rami a hagu, muka yi kiciɓis da wata jif tana hawowa. Mai hawa ke da hanya, ni ne zan ja da baya zuwa fili. Verna ta sauka ta tsaya a baya ta wajen ramin, inda zan gan ta a madubin hagu. Dokar kowa ya san ta: hannun mai nuna maka hanya kaɗai za ka kalla, in ya dunƙule ka tsaya, in ya ɓace maka ka tsaya.

Ta ɓace mini. Madubin na nan, ita ce babu, duhun ya haɗiye ta. Na san ya kamata in tsaya. Amma in na tsaya sai ta tambayi dalili, dalilin kuma ya shiga jan littafi. Sai na ci gaba a hankali, ina cewa yanzu za ta bayyana.

Dukan da ta yi wa jikin motar da gorar ruwanta ne ya sa na taka birki. Na sauka na duba. Tsakanin tayar baya da bakin ramin bai kai tafin hannu ba, ita kuma tana manne da motar, ƙafarta ɗaya a kan wani dutse mai motsi. Mai jif ya leƙo yana cewa, "Kai, dattijo, ka iya!" Verna ta koma kujerarta. Na ji tsoro, tsoron da ban taɓa ji a kan hanya ba.

Asabar, 16 ga Satumba

Verna ta shiga kanti sayen burodi, na buɗe littafin. Ashe ban yi mata ƙazafi ba. "Talata, ya taka layin hagu sau uku. Laraba, barewa a hagu, bai gan ta ba." Wace barewa? Shafin Juma'a kuwa fari fat.

Da rana Joleen ta kira, ina ƙarƙashin mota ina duba abin da ba ya buƙatar dubawa. Da kunnena na ji Verna na cewa, "Babanki? Ai tuƙi yake kamar ɗan shekara talatin. Surutu ne dai ya yi masa yawa."

Na fito na ce mata me ya sa ta yi ƙarya.

"Makullinka ne, Orval. Ni ba zan ƙwace ba, ba kuma zan sa yarinya ta ƙwace ba. Amma gobe akwai gangarar Durango, kuma ina cikin motar. Shi ke nan."

Wata dabarar ce. Tabbas wata dabarar ce.

Lahadi, 17 ga Satumba

Durango. Gwiwata ta ɗan riƙe da safe, sai na ce ta taɓa sitiyarin ta ji. Tana matse dama da yawa, tana kuma yi wa motar magana kamar 'yan makaranta. A giya ta biyu ta sauko, tayoyi ba ƙauri, na shinshina.

Shekara goma sha tara ina bin hanyar nan, ban san akwai ruwa mai zubowa daga kan dutse bayan kwana ta uku ba. Daga kujerar Nadine ake ganinsa.

Makullin yana aljihun rigar Verna. Ta manta ba ta dawo da shi ba, ni kuma ban tuna mata ba.