Shafi na Tara

Litinin, 2 ga Satumba

Makon sababbin ɗalibai ya kama, ɗakin injin kwafi ya zama gidana. Malama mai ba da shawara ta kawo ɗan littafin da ake raba wa 'yan aji ɗaya da iyayensu. Shafi goma sha shida, guda ɗari biyu da arba'in, kafin Laraba. Ta dire shi ta ce, "Malam Kwafi, ka san aikinka," ta fita da waya a kunne. Shekara uku ke nan tana kirana haka, har masu shara sun ɗauka.

Shafi na tara shayi ya ɓata shi. Zagaye guda daidai gindin kofi, a tsakiyar jerin darussa. Na gwada ɗaya, ya fito kamar an taka shi da takalmi. Ni ba na raba wa mutane ƙazanta. A aljihun teburina akwai na bara, fari tas. Duk shekara nakan ɓoye wanda ya fi fita, saboda irin wannan ranar. Na jera su gefe da gefe: kan magana ɗaya, akwatuna biyu, sa hannun Shugaba a ƙasa. Na sa nawa, na tura mai tabon ƙarƙashin injin.

Auta na cikin masu shigowa bana. Ƙanwata a sakandaren da nake aiki. Ban san yadda za mu riƙa yi ba in mun haɗu a baranda.

Talata, 3 ga Satumba

Na gama ɗinke su. Abin ɗinkin ya huda min yatsa sau biyu. Ko ɗaya bai karkace ba.

Laraba, 4 ga Satumba

Ni na jera kujerun zaure tun da safe, sannan na tsaya a bakin ƙofa ina miƙa littafin. Inna ba ta zo ba, gwiwarta. Don haka ni ne uban Auta a wurin, amma da rigar ma'aikata, ban san ko in zauna ko in tsaya ba. Na tsaya.

Sababbin duk takalminsu ya yi musu yawa. Iyaye mata suna fifita da littafin, wani uba ya ninke nasa huɗu ya cusa a aljihun baya ya zauna a kai. Raina bai so ba.

Malama ta yi magana, ba ta daɗe ba. Abin da na riƙe: shekara uku kamar da nisa, ba nisa. Darussan da kuka rubuta a fom su za su bi ku har ranar kammalawa. Ku zauna da iyayenku ku karanta shafi na tara, komai na wurin. A dawo da fom kafin Juma'ar mako mai zuwa.

Da ta ce shafi na tara, sai zauren duka ya ɗauki ƙarar buɗe takarda. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Auta ta wuce ni kamar ba ta san ni ba. Sai da ta kai ƙofa ta ɗaga min yatsa biyu ta bayanta.

Alhamis, 5 ga Satumba

Bayan na dawo daga aiki, Auta ta shimfiɗa fom a kan teburin cin abinci. Layi goma ne babu komai a kai, ɗalibi ke cikewa da hannunsa. Na dole bakwai, na zaɓi uku. Ta kwashe na dolen daga shafi na tara, ta zaɓi ilimin halittu, da na sinadarai, da zane. Aikin ɗakin magani take so, zanen kuma tun tana ƙarama ba ta bar bangon gidan nan ya huta ba.

Na ce kwamfuta fa, ga ta nan cikin na zaɓi. Ta ce sai wata shekara, ai inji ɗaya ya isa gida, ga Yaya.

Inna daga kan kujerarta: "Ka duba da kyau kafin ka sa hannu."

"Inna, ni fa na buga shi."

Na sa hannu.

Juma'a, 6 ga Satumba

Ina goge ƙarƙashin injin sai mai tabon ya fito. Zan jefa shi kwando, ban san me ya sa na ɗora shi kan na bara na ɗaga su wajen taga ba. Haka nakan yi in ga ko layi ya hau layi.

Bai hau ba.

Akwatin na dole, a nawa layi bakwai. A na Malama takwas. Na bi da yatsa, a hankali, yadda nake karatu tun da na bar makaranta a aji biyar na firamare. Na takwas kwamfuta ce. An ɗauke ta daga na zaɓi an mai da ita dole. A ƙasa akwai ƙaramin rubutu, na karanta shi sau huɗu: daga bana, wanda bai yi ta a shekarar farko ba, ba a ba shi shaidar kammalawa sai ya ƙara shekara ya rama.

Na zauna a kan kwalin takardu. Wani malami ya leƙo da aiki, na ce masa injin ya ci takarda.

Abin da ya fi damuna, na san hanyar fom ɗin. Ba ya komawa hannun Malama. Kwandon Sakatare yake faɗawa, shi kuma abin da ya gani yake shigarwa, ba ya tambayar kowa, ko sunan kare aka rubuta. Bayan Juma'a a raba azuzuwa a rufe. Malama ita kaɗai ce ga yara ɗari bakwai, ba ta buɗe fayil ɗin ɗalibi sai ya kai aji uku.

Asabar, 7 ga Satumba

Na wanke kayana, na sake wanke waɗanda na riga na wanke. Inna ta ce ko sabulun ya yi min laifi.

Lahadi, 8 ga Satumba

Fom ɗin Auta bai tafi ba tukuna, yana cikin jakarta. Na ce ta goge zane ta sa kwamfuta.

"Don me?"

"Na ce ki sa."

Ta ajiye fensirin ta dube ni. "Yaya, tun da nake ba ka taɓa ce min na ce ba."

Sai na fito da takardun biyu. Ita ba ta bi da yatsa ba, kallo ɗaya ta yi. Ta goge zanen, ta daɗe tana hure garin abin gogewar daga kan takarda alhali ya tafi. Na ce ta yi haƙuri. Abin da ta ce, ƙawarta 'yar telan layinmu ta miƙa nata tun shekaranjiya, kuma babu kwamfuta a ciki, tare suka zaɓa.

Na ce ta gaya mata a asirce.

"Sauran fa? Su ba su da yaya a ɗakin kwafi."

Yarinyar da nake ɗaure wa igiyar takalmi.

Litinin, 9 ga Satumba

Na tafi ofishin Malama da takardun a cikin riga. Bencin ƙofarta cike da iyaye. Na san bencin nan. Ta gabansa nake wucewa da kwali kullum, kuma na san masu zama a kai a ƙarshen shekara. Ba sa jingina. Bara akwai wani dogo, baƙin mai a farcensa, ya riga ya samu wurin koyon gyaran mota, aka ce darasi ɗaya ya rage masa. Ya shekara yana zuwa da rigar makaranta da ta yi masa kaɗan, yana zama cikin ƙannensa. Bai taɓa gaishe da kowa ba.

Malama ta hango ni ta ƙofa. "Injin ne?" Na ce a'a. "To sai anjima, Malam Kwafi." Na ce to. Har na ji sanyi a raina da ta sallame ni, wannan shi ne abin kunyar.

Takardar aikina shekara-shekara ake sabunta ta, kuma wannan watan ne. Mataimakin Shugaba ke sa hannu. Ya taɓa faɗa a gabana cewa wurin nan na mai shaidar karatu ne, tausayi ya sa aka bar ni.

Zan iya cewa haka aka ba ni. Wa ya gani? Sai dai mai tabon yana jikina, har gumi ya fara tausasa shi.

Talata, 10 ga Satumba

Na kai wa Sakatare takarda, yana waya, na duba na saman kwandon. Biyar na gani. Uku babu kwamfuta.

Ɗaya uban da babban yatsa ya sa hannu, da tawada. Shi ma wani ya karanta masa shafina.



Laraba, 11 ga Satumba

Na riga Malama zuwa. Na tsaya a ƙofar har ta iso da jaka da makullai a baki. Ban gaishe ta daidai ba, na shimfiɗa takardun a kan teburinta na ce, "Malama, na canza miki shafi."

Ta sa tabarau. Ta duba wannan, ta duba wancan, ta jawo littafi ɗaya daga waɗanda suka ragu ta buɗe. Ta cire tabarau ta riƙe goshinta. Na so ta yi faɗa, ba ta yi ba.

"Yaushe ka gani?"

"Juma'a."

"Yau Laraba."

Wannan ya fi mari.

Ta tambayi dalili, na ce tabon shayi. Ta yi wata 'yar dariya da ba ta dariya ba. Wai sati biyu ta yi tana gyara shafin nan, a kansa take karin kumallo, shi ya sa. Da na leƙo na tambaya, minti ɗaya ne. Na ce sun yi kama. Ta ce, "Ɗana, duk takardun makarantar nan kama suke."

Sannan ta ce in je in ɗauko kwandon Sakatare gaba ɗaya, in ya hana in ce ita ta aiko ni.

Alhamis, 12 ga Satumba

Jiya da yau a ƙasa nake zaune a ofishin Malama, fom kashi biyu, masu ita dama, marasa ita hagu. Kalma ɗaya nake nema a rubutun yara ɗari da tamanin, wani kamar kaza ta yi tono. Tun ina bi da yatsa har na koma ido kawai. Na hagu casa'in da ɗaya.

Ita tana kiran iyaye ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ɗaga murya har ina ji daga inda nake, wai ya bar aiki ranar Laraba ya zo, yanzu kuma a ce ya sake zuwa. Ta ce kuskuren daga ofishinta ne, ta ba shi haƙuri. Kusan sau casa'in ta faɗi haka. Ban ɗago kai ba ko sau ɗaya.

Da yamma Mataimaki ya kira mu. Ni bai dube ni ba, da ita yake magana a kaina kamar kujera. Ta ce ita ma ta raba littafi ba ta buɗe ba. Ta ce kuma wanda ya gano shi ne wanda ya ɓata, ba wani mai shaidar karatu ba. Ya juya biro ya juya. Takardar gargaɗi, kuma wata shida zai sabunta min, ba shekara ba, daga nan a gani.

Na ce na gode. Me zan ce.

Juma'a, 13 ga Satumba

Na buga sabon shafi na tara, ɗari biyu da arba'in, da tabonsa. Malama ta ce a bar shi haka, a gane shi da wancan.

An tara 'yan aji ɗaya a zaure, kowa ya karɓi fom ɗinsa ya gyara, iyaye suna shigowa suna sa hannu suna fita da fuska a ɗaure. Yara da yawa sun rasa darasin da suke so. Wata ta yi kuka a kan kiɗa. Malamin kwamfuta an ƙara masa aji biyu da rana, ya wuce ni a baranda bai amsa gaisuwa ba.

Saura huɗu iyayensu ba a same su ba. Malama ta sa Sakatare ya jira su har Litinin, yana ta ƙunƙuni.

Auta ta zo karɓar shafi a hannuna, cikin layi, ƙawayenta na bayanta. Ta ce, "Sannu da aiki, Yaya," da ƙarfi yadda za su ji. Na miƙa mata biyu ban sani ba.

Litinin, 16 ga Satumba

Huɗun sun cika. Na ƙarshe kaka ce ta zo da sanda.

Litinin, 23 ga Satumba

Aiki ya koma yadda yake. Wata shida, sai mu gani. Ban gaya wa Inna ba, amma tun ranar take zuba min abinci fiye da ƙima, to Auta ta faɗa.

Malamin lissafi ya kawo takardar gwajin 'yan aji ɗaya, shafi biyu, yana sauri. Ya tsaya a kaina yana kaɗa makulli. Can ya ce, "Kwafi na ce ka yi min, Malam, ba jarrabawar za ka zauna ba."

Na ce injin ne bai gama ɗaukar zafi ba.

Tun bakwai na kunna shi. Ina kan karanta tambaya ta shida, saura huɗu.