Na auna idon surukina kaina a ƙasa

Anti Shatu, don Allah ki taimake ni, abin nan ya hana ni sukuni.

Ni tela ce a Roni, muna zaune gida ɗaya da surukina, Baffa. Likitan ido ya rubuta masa gilashi. Maigidana, Zaharadeen, yana aiki a Kano, shi ya kai takardar wani shago a can. Sai suka ce ba a rubuta tazarar da ke tsakanin idanunsa biyu ba. Ya bugo min waya wai in auna, tunda awo sana'ata ce.

Anti, shekara tara da aurena ban taɓa haɗa ido da Baffa ba, a gidanmu ba a yi. Na durƙusa, na miƙa tef ɗin ɗinki saitin fuskarsa kaina a ƙasa, shi ma ya kau da kai yana kallon bango. Na saci kallo sau ɗaya na ce milimita saba'in. Wallahi cinta na yi.

Tun da gilashin ya zo yake fama da ciwon kai da jiri. Ranar Juma'a ya kuskure matakalar masallaci ya faɗi, gwiwarsa ta kumbura. Ya ƙi cire gilashin, wai 'yarsa ce ta auna masa. Maigidana kuwa masu shagon yake ta zagi. Ina tsoron faɗuwa ta gaba, ina kuma jin nauyin in faɗi gaskiya. Ya zan yi?

Mai damuwa, daga Roni

'Yar uwa, kunyarki tarbiyya ce, ban ga laifinta ba. Amma shirun nan da kike yi yanzu yana cutar da dattijo.

Kowane gilashi yana da tsakiya, kuma dole ta faɗo daidai tsakiyar baƙin idon mai shi. In gilashin mai ƙarfi ne, kuskuren milimita uku ko huɗu ya isa ya kawo jiri. Tef ɗinki lanƙwasa yake yi, na riga ne. A gida da rula ake yi, mutum ya miƙe kai yana kallon nesa, a auna daga tsakiyar baƙin ido zuwa ɗaya, a maimaita sau uku. Ba a yin sa a sunkuye.

Ki kira Zaharadeen yau ki gaya masa. Shi ma da nasa laifin, ya san tsakaninki da mahaifinsa ya ɗora miki wannan aiki, su ma masu shagon sun karɓi awo ta waya. Ya roƙi Baffa ya ajiye gilashin, ya kai shi wurin masu duba ido a Kazaure su auna da na'urarsu. A duba masa hawan jini ma, kada mu ɗora wa gilashi komai.

Ina zargin Baffa ya san gilashin ne ke wahal da shi. Don kada ki ji kunya yake sa shi, har ya faɗi a gaban jama'a bai ambaci sunanki da laifi ba. Ya rufa miki asiri iya ƙarfinsa, saura ke ki sauke masa wannan nauyi.

Allah ya ba Baffa lafiya, ya bar ku tare.